Wulari: Ta yaya za a auna raunin da rikici ya bari a imani?

A watan Yulin 2009, rikicin Boko Haram ya taɓa unguwar Wulari a Maiduguri, har majami'ar EYN da ke can ta lalace. An sake gina abin da ya rushe, amma tambayar da ke damun wanda ya rasa iyalinsa, Musulmi ko Kirista, tana nan: shin Allah fushi yake yi da ni?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna neman hanyar auna wannan damuwa. A 1998, Kenneth Pargament na Amurka da abokan aikinsa suka fitar da ma'aunin Brief RCOPE mai tambayoyi 14. Bakwai na duba yadda addini ke sanyaya zuciya, bakwai kuma na duba jin cewa Ubangiji ya juya wa mutum baya. A 2014, ayarin Julie Exline ya faɗaɗa aikin zuwa tambayoyi 26 a fannoni shida, ciki har da kokwanto, saɓani da malamai ko 'yan'uwa a addini, da zargin shaiɗan.

Nazarce-nazarce sun nuna cewa mai saurin fargaba da zullumi ya fi faɗawa wannan hali. Shi ya sa maƙwabta biyu kan sha wahala iri ɗaya, ɗaya ya ƙara tawakkali, ɗayan ya kasa barci.

Sai dai an tsara ma'aunan ne da Ingilishi, don wata al'umma dabam. A Borno, danganta ciwo ga aljanu magana ce ta yau da kullum, don haka ma'aunin zai iya ɗaukar lafiyayye a matsayin mai matsala. Furta kokwanto kuwa abin kunya ne da tsoro, mai fama da shi zai gwammace ya ce "alhamdu lillahi" ya yi shiru, a rubuta shi cikin masu lafiya.

Nan ne aikin Abuja yake. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958. Ma'aikatar Lafiya da hukumar NEDC na iya ɗaukar nauyin fassara ma'aunan zuwa Kanuri da Hausa, a gwada ingancinsu a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga, tare da limamai da fastoci. Idan ba haka ba, za a tsara kasafi kan alƙaluman da suka tsallake mabuƙata.