Salsalar Uba a Ma'aunin Kimiyya



Duk wanda ya san Tirkaniya, a kudancin kogin Kaduna, ya san unguwa ce ta 'yan ci-rani da suka zama 'yan gari. Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957 jama'a suke ta kwararowa wannan yanki. Yau jikokinsu na tambayar asalinsu, dattawan da suka riƙe salsala kuwa suna ta ƙarewa. Shin awon ƙwayoyin halitta zai maye gurbinsu?

Cikin ƙwayar halittar ɗan Adam akwai ƙunshin gado guda 46, waɗanda masana ke kira kuromosom. Ɗaya daga ciki, mai laƙabin Y, namiji kaɗai ke da shi, kuma daga uba yake wucewa zuwa ɗa kusan ba canji, sai 'yan alamu da kan auku jefi-jefi. Da waɗannan alamu ake gane ko gidaje biyu sun haɗa kaka. Yawun baki ya isa a yi awon.

Sai dai awon ba ya faɗin suna. Alal misali, a 1998 an gwada zuriyar dangin Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, da ta wani ɗan baiwarsa Sally Hemings. Alamun sun dace, amma abin da suka tabbatar shi ne uban yaron namiji ne daga gidan Jefferson. Tantance ko wane ne, wannan aikin masana tarihi ne.

Haka abin yake a wajenmu. Binciken da aka buga a 2008 ya sami wani reshe mai suna R1b a jikin kusan kashi 40 cikin ɗari na Hausawan Sudan da aka gwada. A 2010 kuma Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka nuna cewa wani ɓangare nasa, watau V88, ya yawaita tsakanin masu harsunan dangin Hausa a kewayen tafkin Chadi. Kada wani ya yi gaggawar cewa ga shaidar zuwan Bayajidda Daura daga Bagadaza. Wannan reshe ya girmi Bagadaza da dubban shekaru, tun zamanin da Sahara take da ruwa da ciyawa.

Bugu da ƙari, in aka koma baya hawa goma, mutum na da gurbin kakanni 1,024, amma ɗaya tak Y ke nunawa. Sauran, har da dukan iyaye mata, ba ya ganinsu.

Akwai kuma abin tsoro. Mai neman tabbatar da sharifta ko gadon sarauta yana iya tono abin da zai raba zumunci, alhali a shari'ar Musulunci aure ne ke tabbatar da nasaba. Saboda haka wanda zai yi awo ya shawarci danginsa tukuna, ya kuma rubuta abin da tsofaffin gidansu suka sani tun suna raye, domin da tsohuwar zuma ake magani.