NA'URA MAI AIKIN GAYYA: YADDA AKE SHIRYA TA DOMIN HIDIMAR JAMA'A

A cikin shekara ta 2006 Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin Galaxy Backbone domin ajiye bayanan ma'aikatu, a 2020 kuma aka buɗe Cibiyar Ƙirƙirarriyar Basira ta Ƙasa, watau NCAIR, dukansu a Abuja. Tun da yake bayanan jama'a ne ke shiga irin waɗannan wurare, ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san yadda ake shirya na'urorin da ke aiki da su.

Mene Ne GPU?

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yau da kullum kamar ƙwararren manomi ce, mai bin kunya ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa GPU gayya ce: dubban ƙananan ma'aikata ne a cikinta, kowanne da ɗan lissafinsa, suna yi a lokaci guda. Domin zana hotuna aka ƙera ta da fari, amma a yau da ita ake koya wa kwamfuta jin magana da fassara.

Abokan Aikinta Biyu

Gayya ba ta kammaluwa sai da rumbu da mai raba aiki. Rumbun bayanai, irin su PostgreSQL, shi ke adana sakamako. Ma'aikacin saƙonni, irin su RabbitMQ, shi ke jera buƙatu a layi.

Alal misali, in mutum dubu sun aiko da muryoyinsu domin a mayar da su rubutu, sai saƙonnin su shiga layi, GPU ta riƙa ɗauka gwargwadon ƙarfinta, abin da ta rubuta kuma ya wuce rumbu. In an umurci layin ya riƙa rubuta saƙonni a faifai, ko da wuta ta ɗauke ba za su salwanta ba.

Amfanin Kwantena

Duk wanda ya ga kwantenonin tashar jiragen ruwa ta Apapa ya san hikimarsu: kaya a rufe, kowace babbar mota tana iya ɗauka. Haka manhajar Docker, wadda ta fito a 2013, take ƙunshe kowane aiki da dukan kayan da yake bukata a cikin kwantenarsa, don kada wani ya ɓata wa wani.

Matakan Shiri

Na farko, a sa wa uwar na'ura direba, watau manhajar da ke sada ta da GPU. Na biyu, a sa Docker, tare da NVIDIA Container Toolkit in GPU ɗin ta kamfanin Nvidia ce, domin in babu shi kwantena ba za ta ga GPU ba. Na uku, a rubuta takardar tsari guda mai bayyana kwantena uku: ta rumbu, da ta saƙonni, da ta lissafi. Ta ukun ce kaɗai za a ba GPU. Na huɗu, a jarraba da bayanan gwaji tukuna.

Abin Lura

A nan ne haɗarin yake. In aka share kwantena, duk abin da aka rubuta a cikinta ya tafi ke nan. Saboda haka wajibi ne a keɓe wa rumbun bayanai ma'aji a wajen kwantena, a kuma riƙa ajiye kwafinsa a wani gari dabam. Har wa yau, a sauya kalmar sirrin da manhaja ta zo da ita, kada kuma a bar ƙofar rumbu a buɗe ga intanet.

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Wanda ya ga an yi sakaci da nasa yana da ikon kai ƙara ga Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya da ke Abuja. Bayanan jama'a amana ce, rigakafi kuwa ya fi magani.