Ko Ka Sani? Yadda Mataimakin Matuƙin Jirgi Ke Tara Awoyin Zama Kyaftin

A ɗakin tuƙin jirgin fasinja irin Boeing 737 ko Airbus A320 kujeru biyu ne a gaba, kowacce da nata cikakkun kayan sarrafa jirgi. Kyaftin yana hagu da igiya huɗu a kafaɗa, mataimakinsa yana dama. Sukan yi karɓa-karɓa, wannan ya kai jirgin, wancan ya dawo da shi. Amma riƙe tuƙi daban, ɗaukar alhakin jirgi daban. Ko wa ya sauke jirgin, kyaftin ne doka ta sani.

To, a nan gizo ke saƙa. Babban lasisin da ake zama kyaftin da shi, wato ATPL, sai mutum ya tara awa 1,500 na tashi, kuma dole a ciki a sami awoyin da ya jagoranci jirgi. Ta yaya wanda bai zama kyaftin ba zai sami awoyin jagoranci a jirgin da yake da kyaftin? Mafitar ita ce tsarin da matuƙa ke kira PICUS: mataimaki ya yi duk aikin shugaban jirgi, kyaftin yana gefe yana sa ido.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1178 ta 2011, wadda ta bi sawun ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ba da zaɓi: awa 500 a ƙarƙashin irin wannan sa ido, ko awa 250 na jagoranci da kai, ko kuma awa 250 da aƙalla 70 daga ciki mutum da kansa ya jagoranta, sauran a ƙarƙashin sa ido. Ga kuma awa 100 na tashin dare, da shekara 21 da haihuwa. A Amurka shekara 23 ce, kuma bayan haɗarin jirgin Colgan kusa da Buffalo a 2009, wanda ya ci rai 50, an ƙara tsananta sharaɗin awoyi har a kan mataimaka.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina ba yawan awoyin ba ne, sharaɗin rubuta su ne. Tun a ƙasa mataimakin zai duba rahoton yanayi, ya yanke yawan man da za a sha, ya zaɓi filin da za a karkata in hanya ta ɓaci. In an zo sauka hazo ya rufe titin jirgi, shi zai ce a fasa a sake zagayowa. Sai an yi tafiyar nan kaf ba tare da kyaftin ya tsoma baki don tsare lafiyar jirgi ba, sannan a rubuta ta a matsayin ta jagoranci. In kuwa ya karɓe tuƙi, ko da saura ƙiris tayoyi su taɓa ƙasa, tafiyar ta koma sahun awoyin mataimaki. Ana ƙirgen ne daga sanda jirgi ya fara motsawa da niyyar tashi har ya tsaya cak a ƙarshen tafiya. Daga nan mataimaki ya cike layin ranar a littafinsa, ya miƙa wa kyaftin ya sa hannu. Ba kuma shiri ne na mutum biyu ba, sai hukuma ta yarda da yadda kamfanin ke gudanar da sa idon.

Wannan sa hannun shi ne ƙashin bayan tsarin, domin wanda aka shaida a yau, gobe shi zai zauna a kujerar hagu da ɗaruruwan rayuka a bayansa, ba mai gyara masa. Kyaftin ɗin da ya ƙi sa hannu ranar da ya karɓe tuƙi bai zalunci mataimakinsa ba, aikinsa ya yi.