Gwajin ƙwaya da tantancewar tsaro: Abin da mai neman aikin gwamnati ya kamata ya sani

A unguwanni irin su Sarkin Dawaki da ke Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, matasa na dakon ranar da za a buɗe ɗaukar aikin ɗan sanda, soja ko kwastam. Sai dai takardun makaranta kaɗai ba sa wadatarwa, domin akwai binciken lafiya da na hali, kuma a nan ne shan miyagun ƙwayoyi ke kayar da mai nema.

Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ce kan gaba wajen wannan gwaji. Tun bayan da Janar Buba Marwa ya karɓi shugabancinta a 2021 take kira da a gwada masu neman muƙami. A Kano, an tilasta wa 'yan takarar zaɓen ƙananan hukumomi na 2021 yin gwajin. Dalilin matsawar a fili yake: rahoton 2018 na binciken da aka gudanar da tallafin hukumar UNODC ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya.

Galibi fitsari ake aunawa. Alamar tiramol kan ɓace cikin 'yan kwanaki, amma ta tabar wiwi na iya kai wata guda a jikin wanda ya saba da ita. Gwajin gashi kuwa yana iya tono abin da aka sha watanni uku baya.

Tantancewar tsaro, irin wadda hukumar DSS ke yi wa masu hawa manyan muƙamai, ta fi gwajin fitsari zurfi, domin amana take aunawa. Wanda ke ɓoye sirri, ana iya razana shi da tona asiri har ya sayar da bayanan hukuma. Shi ya sa a Amurka fom ɗin SF-86 ke tambayar shan ƙwaya na shekaru bakwai da suka wuce. Amsa laifin da aka daina ba lallai ya hana mutum izini ba, amma yin ƙarya a fom ɗin laifi ne da ke iya jawo ɗaurin shekaru biyar.

Akwai abin lura ga marasa lafiya: magunguna masu ɗauke da kodin na iya fitowa a gwaji. Ya kamata mai nema ya tafi da takardar likita, ya kuma bayyana maganin kafin a karɓi fitsarinsa. Wanda kuma ya kamu da shaye-shaye zai iya neman shawara a ofishin NDLEA na jiharsa tun kafin lokacin ɗaukar aiki ya zo.