Yadda haske ke tona asirin maganaɗisun rana

Masu nazarin sararin samaniya sun shafe fiye da shekaru ɗari suna auna ƙarfin maganaɗisu a fuskar rana, amma auna shi a saman rana, inda guguwar da ke yi wa duniya ɓarna take tasowa, ya daɗe yana gagararsu.

Wannan sashe shi ne korona, wato farin hasken da ke kewaye rana kamar rawani idan wata ya rufe ta baki ɗaya, irin wanda aka gani a sassan Ghana, Najeriya da Nijar a husufin 29 ga Maris na 2006. Sunan ya fito ne daga kalmar Latin mai nufin kambin sarauta, kuma kamancinsa da cutar nan a suna kawai ya tsaya.

Zafin korona ya haura digiri miliyan ɗaya a ma'aunin Selshiyus, alhali na fuskar rana bai wuce kimanin 5,500 ba. Masana na ɗora alhakin hakan a kan maganaɗisu, wanda idan ya murɗe ya tsinke yakan watso tarin iskar gas mai ɗauke da lantarki.

A Maris na 1989 irin wannan guguwa ta katse wutar lardin Kubek na Kanada na tsawon sa'o'i tara. A Fabrairun 2022 kuma kamfanin SpaceX ya yi asarar taurarin ɗan adam kusan 40 jim kaɗan bayan harba su.

Sirrin yana cikin haske

Haske yana tafiya ne yana kaɗawa kamar igiyar ruwa. Hasken fitila yana kaɗawa ta kowace fuska ba tsari, amma akwai wanda kaɗawarsa ke bin layi guda, akwai kuma wanda ke tafiya yana murɗawa dama ko hagu kamar kusar sukuru.

A 1896 wani masani ɗan ƙasar Holan, Pieter Zeeman, ya gano cewa maganaɗisu na sauya hasken da ƙwayoyin zarra ke fitarwa: launi guda yakan rabu, kuma sassan da suka rabu suna murɗawa ta fuskoki masu saɓani. Gwargwadon ƙarfin maganaɗisun, gwargwadon girman rabuwar.

Da wannan dabara ce Ba'amurke George Ellery Hale ya tabbatar a 1908 cewa akwai maganaɗisu a baƙaƙen tabon da ke fuskar rana.

Sai dai a can ƙarfin yakan kai gaus dubu biyu ko uku, gaus kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. A korona, daga gaus kaɗan ne zuwa 'yan gomomi. Ga shi kuma hasken korona bai fi kashi ɗaya cikin miliyan na hasken fuskar rana ba, murɗawar da ake nema kuwa kusan kashi ɗaya ce cikin dubu goma na wannan ɗan hasken. Ƙura kaɗan a kan madubi ta isa ta ɓata aikin.

Madubin tsibiran Hawai

A 2004 wasu masana sun yi amfani da wata ƙaramar na'ura a dutsen Haleakala da ke Hawai, suka auna gaus huɗu a wani yanki na korona, bayan sun tattara haske na fiye da sa'a guda.

A kan wannan dutse mai tsayin fiye da mita 3,000 aka gina na'urar hangen rana ta Daniel K. Inouye, wadda faɗin madubinta ya kai mita huɗu. Tana toshe fuskar rana, ta haɗa husufi na kanta, sannan ta duba hasken da baƙin ƙarfe mai tsananin zafi ke fitarwa, wanda idon ɗan adam ba ya iya gani.

A Satumban 2024 wata tawaga ƙarƙashin Tom Schad ta wallafa taswirar maganaɗisun korona da aka samu ta wannan hanya a mujallar Science Advances. Hasken da ke murɗawa ne ke nuna ƙarfin maganaɗisun, mai bin layi guda kuma ya nuna inda ya dosa.

Nasara ce babba, amma bai kamata a zuzuta ta fiye da kima ba. Na'urar na ganin korona ne a gefen rana kawai, yayin da guguwar da ta fi yi wa duniya barazana daga ɓangaren da ke fuskantarmu take fitowa. Don haka sai an haɗa awon da lissafin kwamfuta kafin ya yi amfani wajen gargaɗin kamfanonin lantarki da masu taurarin ɗan adam.