Esin motar ƙungiya na sanyi da safe, da rana ya ɗauke: abin da za a duba kafin a biya kuɗin gas

Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Daura kan wuce digiri 40, kuma a lokacin ne direbobin ƙungiyoyin manoma ke yawan kawo kuka ɗaya: esi yana aiki lafiya lau da sassafe, amma da an tsaya a layin bincike na Kongolam, ko a cunkoson kasuwar Mai'aduwa, sai ya koma huro iska mai ɗumi. Idan mutane kaɗai aka ɗauko, gumi ne kawai. Idan kuwa kwalayen 'yan tsaki ne a kujerar baya, kuma gilashi a rufe, asara ce.

Da ka je wajen gyara, abin da za a fara ce maka shi ne gas ya ƙare. Kada ka yi saurin biya. Esin da gas ɗinsa ya zube gaba ɗaya ba ya sanyi ko da asuba. Wanda yake yi yana ɗaukewa, yawanci wani abu ne ke kashe kwamfireso in zafi ya yi yawa. Don haka ka sa direba ya lura da lokacin da sanyin ke ɗaukewa.

Idan sai mota ta tsaya yake ɗaukewa, in an hau titi ya dawo, to duba gaban mota. A gaban lagireto akwai wani mai kama da shi, siriri, ana ce masa kwandensa, shi ke fitar da zafin gas waje. Motar da ke shiga wurin sussukar gero da dawa, ko take dakon harawa, ƙaiƙayi da ƙura kan toshe shi, har da tsakaninsa da lagireto inda ido ba ya kaiwa. In iska ba ta ratsa shi, matsin gas ya hau, sai makunnin kariya ya yanke kwamfireso don kada wani abu ya fashe. Gwajin ba ya cin ko sisi: mota na tsaye, inji da esi na kunne, a kwarara ruwa a kan kwandensa ta gaba. In sanyi ya dawo cikin minti ɗaya ko biyu, an gano bakin zaren. A kashe inji a wanke shi a hankali. Ruwan mai wankin mota mai ƙarfin nan yana lanƙwasa ƙananan haƙoransa, ya ƙara toshe shi.

Sannan fanka. A motocin da fankarsu ta lantarki ce, ya kamata ta tashi in an kunna esi. In ba ta juyawa, ko tana juyi kamar mai jin barci, a duba fis da rile kafin a ce a sayi sabuwa. Rile kan yi aiki da sanyi ya ƙi da zafi, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Kada a sa hannu kusa da ita, tana iya tashi ba sanarwa.

Idan kuma bayan doguwar tafiya ne, a ce daga Kano zuwa Daura, iskar da ke fitowa ta rinƙa raguwa kamar an toshe ta, ƙanƙara ce ta daskare a ciki. Kashe maɓallin esi ka bar iska kaɗai na minti goma. Za ka ga ruwa na zuba ƙarƙashin mota, sanyi ya dawo. Abin da ya fi jawo haka a wajenmu matacin iska ne da ya cika da ƙurar hunturu; a motoci da yawa yana bayan akwatin da ke gaban fasinja, kana iya ciro shi da hannu. Ƙarancin gas ma yana jawowa.

Akwai kuma kulocin kwamfireso. A daidai lokacin da sanyi ya ɗauke, buɗe bonet ka duba: in bel na juya gefen amma farantin tsakiya na tsaye, ko dai wuta ba ta kai masa, ko ya cinye har tazarar ta yi faɗi, maganaɗisu ya kasa jawo shi in ya yi zafi. Tazarar ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma ƙwararre na iya rage ta ba tare da an canza kwamfireso ba. Ka kuma kalli allurar zafin inji, domin wasu motocin da kansu suke yanke esi in inji ya fara zafi. In haka ne, matsalar ta fi ta esi girma.

In dai sai an sa gas, a nemo inda yake yoyo tukuna, alamarsa maiƙo da ƙura ta manne a mahaɗar bututu. Yawancin motocin da muke hawa R134a suke sha, kuma akwai takarda a ƙarƙashin bonet da ta faɗi giram nawa. A auna da sikeli. Ƙarin gas da ka yana ƙara matsi, esin ya fi ɗaukewa da rana. Wanda ya ce zai haɗa maka kwamfireso kai tsaye ya tsallake makunnin kariya, ka ce masa ka gode. Ni dai ba zan bari a yi wa motar ƙungiya haka ba.

Maganin rigakafin kaji da na dabbobi kuwa, digiri 2 zuwa 8 yake buƙata, kuma babu esin motar da ke riƙe wannan. A sa shi a kula da ƙanƙara ko da esin na aiki. 'Yan tsaki a ɗauko su da asuba ko bayan la'asar har a gama gyaran.