Tsabtace Gida Bayan Ambaliyar Ruwa

Ambaliyar ruwa ba baƙon abu ba ce a Nijeriya. A shekarar 2012 da ta 2022, kogin Neja da na Binuwai sun cika sun tumbatsa, ruwa ya mamaye Lokoja da garuruwa da yawa na jihohin Anambra da Bayelsa. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya cinye unguwanni masu yawa a Maiduguri. Bayan makonni kaɗan, cutar kwalara ta ɓulla a Jihar Borno. Wannan ya nuna mana cewa janyewar ruwa ba ita ce ƙarshen haɗari ba.

Ruwan ambaliya ya bambanta da ruwan sama. Kafin ya iso gida, ya bi ta kwatami da juji, ya shiga masai, ya kwaso kashi da mushen dabbobi da baƙin mai. Duk abin da ya taɓa, ya bar masa ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, kamar na kwalara da na zazzaɓin taifot. Saboda haka gyaran gidan da irin wannan ruwa ya shiga yana da tsari, kuma kowane mataki yana da dalilinsa.

Da farko, kada a yi gaggawar shiga. A kashe wutar lantarki daga babban makunni, amma kada wanda yake tsaye cikin ruwa ya taɓa shi. A nemo mai gyaran wuta. A duba bango da rufi ko sun tsage, musamman ginin ƙasa, domin yakan faɗi bayan ya sha ruwa. A riƙa ɗaga kaya da sanda, saboda macizai da kunamu sukan ɓuya a ƙarƙashinsu. Mai aiki ya sa dogon takalmin roba da safar hannu da takunkumi. Mai rauni a jiki ya rufe shi da kyau. Yara ƙanana da tsofaffi da masu ciwon asma su tsaya a waje.

Mataki na biyu shi ne rarraba kaya. Abin da yake da tauri, kamar ƙarfe da roba da tangaran da gilashi, ana iya wanke shi a ci gaba da amfani da shi. Abin da yake tsotse ruwa kuwa, kamar katifar soso da matashin kai da kafet, da wuya ya sake tsabtata, don ƙazanta ta riga ta shige cikinsa. Gara a zubar da shi. Haka kuma garin rogo ko shinkafa ko wake ko magani, in dai ruwan ya taɓa su, ba su da sauran amfani. Wannan shi ne abin da ya fi yi wa masu gida ciwo, amma asarar buhun shinkafa ta fi asarar rai sauƙi.

Mataki na uku shi ne wanki. A kwashe laka da shebur tun tana ɗanya, domin idan ta bushe sai ta zama ƙura, mutane su shaƙe ta. Sannan a wanke daɓe da bango da ruwa mai tsabta da sabulu. Bayan haka ne za a bi su da ruwan bilic: kimanin kofi ɗaya a cikin jarka mai lita 20. Dole sabulu ya riga bilic, domin datti yana rage wa bilic ƙarfi. Kada a gauraya bilic da wani sinadarin wanki, don haɗin yana iya fitar da iska mai guba. Tufafi kuma a wanke su da ruwan zafi, a shanya a rana.

Mataki na huɗu shi ne busarwa. Fumfuna takan fara fitowa cikin awa 24 zuwa 48 a wuri mai danshi, kuma tana jawo tari da ƙaiƙayin ido. A buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da kujeru da gadaje waje. Idan za a kunna fanka da janareta, a ajiye janaretan a fili, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa. Kada a yi fenti sai bango ya bushe sarai, ko da zai ɗauki makonni. Wanda ya yi gaggawa zai ga fentin ya kumbura ya ɓare. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Daga ƙarshe, a kula da ruwan sha. Rijiyar da ambaliya ta shiga sai an yashe ta, jami'an lafiya sun zuba mata maganin kulorin. Kafin nan, a tafasa ruwan sha, a bar shi yana tafasa na tsawon minti ɗaya aƙalla. Alam yana kwantar da datti, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Wanda ya fara gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, a hanzarta kai shi asibiti.

Wannan aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya. Idan maƙwabta suka yi gayya suka yashe magudanar ruwan unguwarsu, kowa zai amfana, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ma'anar Kalmomi

tumbatsa: cika har a zube
kwatami: ramin da ƙazamin ruwa yake taruwa
mushe: gawar dabbar da ta mutu ba yanka
fumfuna: baƙi ko koren abin da yake fitowa a kan kaya masu danshi
gayya: aikin da jama'a suke haɗuwa su yi tare

Tambayoyi

1. Me ya bambanta ruwan ambaliya da ruwan sama?
2. Kawo abubuwa uku da ya kamata a zubar, da uku da za a iya wankewa.
3. Don me ake wanki da sabulu kafin a sa bilic?
4. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Sauri ya haifi nawa."